Surukina da Gurabun Dara Talatin

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu tattara. Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin maiɗakina, wanda duk Bahaushen da ya rage a Bahiya, garin nan na hayin teku da aka kawo mu bauta, yake ce wa Baba. Ya cika a kan tabarmarsa bayan zazzaɓin kwana huɗu. Muka yi masa wanka da sutura yadda muka iya, murya ƙasa-ƙasa, domin tun tashin da bayi Musulmi suka yi wa Turawa a watan azumi, shekara goma sha biyu ke nan, ba a son ganin Musulmi sun taru a garin nan ko da a kan gawa ne.

Amma fa an taru. 'Yan dako sun ajiye kaya a bakin teku sun hawo gangaren nan suna haki. Inna, surukata, Bayarbiya ce, Nago kamar yadda ake ce musu a nan, danginta suka cika tsakar gida da kuka irin nasu mai ɗaga murya. Maiɗakina kuwa ko hawaye ba ta yi ba sai a kwana na biyu, da ta ɗaga tabarma ta ga allurarsa. Har wani Bature mai kanti da Baba ya daɗe yana yi wa ɗinki ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire hula, sannan ya juya.

Baffa ne ya zo a ƙarshe. Ba ɗan'uwan Baba ba ne na jini, jirgi ɗaya ya kawo su ƙasar nan, ƙafarsu a sarƙa ɗaya, shi ya sa maiɗakina ta tashi tana ce masa Baffa. Ya shigo bai gai da kowa ba, ya tsaya a kan gawar, ya ce, "Tashi, Bakano. Wa ya ba ka izini? Yaushe bawa ya fara tafiya bai sallami ubangidansa ba?"

Dangin Inna suka yi carko-carko, wata tsohuwa har ta miƙe za ta yi masa rashin mutunci. Inna ta riƙe zanenta, ta gaya mata da Yarbanci cewa a ƙyale shi, gaisuwarsu ce. Shi kuwa Baffa ya durƙusa, ya kifa goshinsa a gefen tabarmar, kafaɗunsa suna rawa. Sai da mutum biyu suka ɗaga shi.

Wanda ya taso a gida ya san wasan Kanawa da Zagezagi, kowa yana cewa ɗayan bawansa ne. To ku dubi inda suka kawo wannan wasa: garin da aka sayar da su su biyun a kasuwa ɗaya. Baba ya daɗe da samun 'yancinsa, Baffa kuwa har yau yana hannun wata tsohuwar Baturiya, yana yi mata aikin katako, ranar Lahadi kaɗai yake da ita. Duk da haka shi ya fi ɗaga murya wajen kiran Baba bawansa. Baba ya kan ce daga bakin Bazazzagin nan kaɗai kalmar take fitowa ba ta yi masa zafi ba.

Na san takarda da rubutunmu abin tsoro ce a Bahiya, an ɗaure mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Amma 'ya'yana Yarbanci suke yi da harshen Turawan nan, in na yi musu Hausa sai su yi ta dariya. In ban ajiye mutumin nan a takarda ba, nan da shekara ashirin babu wanda zai san an yi shi. Shi ya sa na zauna.

Ni dai a bakin teku na fara ganinsa. Wata biyu da sauke ni daga jirgi, ƙato da ni, amma ban iya cewa uffan da kowa ba, abinci ma sai an tilasta ni. Ina zaune a gindin buhunan sukari, sai wani dattijo siriri ya tsaya ya ƙura wa zanen fuskata ido. Bai tambaye ni sunana ba, bai ce mini sannu ba. Tsugunnawa ya yi, ya sa yatsa ya tona gurabu a ƙasa, layi biyar, shida-shida. Ya tsinto duwatsu ya zube a gabansa, ya kakkarya tsinkaye ya turo mini. Ya ce, "Bakatsine, kasa mu gani."

Wallahi sai na ji kamar an kwance mini igiya a wuya. Na kasa tsinkayena, ya cinye ni tas, ko ɗa ɗaya bai raga mini ba. Na fusata na ce a sake. Ya yi dariya ya ce, "To, ashe kana magana." Ya kwatanta mini gidansa, ya ce in zo Lahadin farko bayan tsayuwar wata.

Wannan Lahadin ita ce tamu. Kowane wata, bayan azahar, mu kan hallara a bayan gidansa, gindin wani mangwaro, a can saman gari. A da mun kai mutum goma sha shida, mutuwa da jiragen da suka kwashe mutane bayan tashin azumi suka mai da mu takwas. A jefa ƙuri'a a haɗa mutum biyu-biyu, wanda aka cinye ya koma gefe ya zama ɗan kallo, har a rage biyu. Kowa 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya da duwatsu ɗaya da tsinkaye, ka jera uku ka ci na abokinka ɗaya. Wanda ya yi nasara shi ne Sarkin Dara na wannan wata, shi zai tafi gida da jakar fata da muke zuba 'ya'yan a ciki, kuma kowa ya gamu da shi a hanya sai ya ce masa ranka ya daɗe, ko da kuwa yana ɗauke da tulun ruwan ubangidansa. Wanda aka fara fitarwa shi zai share fili ya tona gurabu a wata mai zuwa. Ba na jin kunyar faɗa, babu wanda ya kai ni sanin tsintsiyar gidan nan.

Inna tana suyar ƙosai a ƙofar gida. In ta hango 'yan sintiri sai ta buga cokali a bakin kasko sau uku, mu rage murya. Sau ɗaya wani daga cikinsu ya shigo har ciki, ya tsaya a kanmu yana kallon tsofaffi suna wasa da tsakuwa, ya yi tsaki, ya ɗebi ƙosai ya fita.

Duk baƙon da ya shigo, abin da Baba yake fara ce masa shi ne, "Zauna, a nan babu ubangidan kowa." Amma fa a bakin gurabu ba shi da sauƙi ko kaɗan. Shi ya kafa dokar cewa ɗan da ka taɓa, shi za ka tafi da shi, ko da kuskure hannunka ya goge shi. An yi rigima a kan dokar nan ba iyaka. Akwai ranar da Baffa ya ce ƙuda ya kora, Baba ya ce to ƙudan ya yi masa wasa. Suka yi ta cacar baki har rana ta faɗi, aka tashi ba Sarki a wannan wata, washegari kuma aka gan su tare suna raba goro ɗaya.

Su biyun su ne darar. Sauranmu cikon taro ne. Jakar nan in ba ta kwana gidan Baba ba, tana rataye a rumfar katakon Baffa. Baba shiru yake wasa, yana shafa gemu, Baffa kuwa baki ba ya rufuwa: ya zagi Kano, ya zagi rininta, ya ce Bakano ko a lahira sai ya tambayi ina kasuwa. In Baba ya ci, iyakarsa ya ce, "Bazazzagi, sannu da ƙoƙari." Wannan sannun ta fi mari ciwo a wurin Baffa.

Da na samu 'yancin kaina na auri 'yarsa, sai kunya ta shiga tsakaninmu. Ban ƙara zama kusa da shi ba, ban ƙara haɗa ido da shi ba, in ƙuri'a ta haɗa mu sai a sake jefawa. In yana da magana da ni, ta bakin 'yarsa take biyowa, ko da ina tsaye a wurin. Wannan kunyar ce ta kai ni ga wautar da zan faɗa yanzu.

Shekara uku da suka wuce idanunsa suka fara tafiya. Maiɗakina ce ta fara sani, domin ita take zura masa zare a allura da safe, da yawa, ta soke su a jikin matashi yadda zai laluba. Ta roƙe ni kada in faɗa. Amma dara ba ta ɓoye irin wannan. Ya fara ajiye dutse a tsakanin gurabu biyu. Ya fara barin ƙofa a buɗe, irin wadda ko ni ba zan bari ba. Da zai sa hannu ya laluba, da ya gane inda kowa yake, tunda dutse da tsinke ba ɗaya ba ne a hannu. To amma ga dokarsa: abin da ka taɓa shi za ka motsa. Wata huɗu a jere aka fitar da shi tun zagayen farko, har ranar da na ga surukina riƙe da tsintsiya. Na karɓe, ya fizge.

Abin ya tsaya mini a rai. Mutumin kirki zai je ya same shi ya yi masa magana. Ni kuwa ina zan iya duban surukina in ce masa ya makance? Sai na bi ta bayan gida. Na bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, a kasuwa, a bakin rijiya, ina cewa su dubi girman Allah su dubi furfurarsa, su riƙa raga masa. Kowa ya yarda. Baffa ne kaɗai ya ajiye gudumarsa ya dube ni.

Ya ce, "Ɗana, ba ka san Bakanon nan ba."

Na ce, "Baffa, so kake ya mutu da tsintsiya a hannu?"

Sannan ya ce to, amma ransa bai so ba.

Wata uku Baba yana Sarkin Dara. Ni har ina jin kaina, ina ganin na yi abin kirki. A wata na ukun, wasan ƙarshe ya rage shi da Baffa. Ana cikin yi Baffa ya janye tsinkensa daga inda yake tare hanya, ya bar wa Baba uku a fili. Baba ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ƙasa, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ɗago.

Ya ce, "Bazazzagi, shekararmu nawa muna dara?"

"Talatin da wani abu."

"A cikinsu ka taɓa ba ni irin wannan kyauta?"

Baffa mai bakin nan ya sunkuyar da kai.

Baba ya ce, "Yau tun azahar ba ka zagi Kano ba ko sau ɗaya. Makaho na zama, ban zama wawa ba. Wa ya haɗa wannan?"

Na ce ni ne. Bai juyo inda nake ba. Ya sa ƙafa ya shafe gurabun nan duka, ya kira 'yarsa daga cikin gida, ya ce mata, "Gaya wa mijinki na gode da sadaka." Ya ajiye jakar a gindin mangwaro ya shige ɗaki.

An yi mini bulala a garin nan har na suma, amma ba ta kai wannan maganar zafi ba.

Wata biyar bai fito ba. Muka gwada yin darar a wani gida, ta zama kamar miya ba gishiri, muka watse. Shi kuma ya daina ɗinki, ya rage ci, ya zauna a lungun ɗaki yana jan carbi, kullum yana ƙara ƙanƙancewa. Inna ta ce mini ƙarara in ba a fito da shi ba, zaman nan ne zai kashe shi, kuma ta san wanda za ta riƙe. Na aika maiɗakina da ban haƙuri ya fi sau goma. Muka aika cewa mun soke dokar taɓawa, ya zo ya laluba yadda yake so. Ya ce dokar da ya hana mutane sakat da ita shekara ashirin ba za a soke ta don shi ba, wannan ma sadaka ce.

Ran nan, Lahadin farkon wata, sai ga Baffa ya tattaro mu duka, ya ce mu bi shi. Ko sallama bai yi wa maigidan ba. Ya wuce gindin mangwaro, ya tsugunna daidai tagar ɗakin Baba, ya tona gurabu talatin da hannunsa. Sannan ya buɗe murya yadda har maƙwabta za su ji.

"Jama'a, daga yau kowane gurbi sunan gari zai ci. Wannan na tsakiya, mafi daraja, Zariya ce. Kano kuwa mu jefa ta can lungu, kusa da inda kaji suke kashi."

Ba a yi numfashi biyu ba muka ji murya daga cikin ɗaki. "Ƙarya kake! Zariya a tsakiya? A gidana?"

"Mai gardama ya fito ya yi."

Sai ga shi ya fito yana dafa bango, rawaninsa a karkace, yana faɗa tun daga ƙofa. Da ƙyar muka danne dariya. Aka yi ta ja, a ƙarshe aka ba Kano da Zariya gurabu biyu na tsakiya, kafaɗa da kafaɗa. Na sa Katsina. Aka sa Daura, Rano, Gaya, Bebeji, Maska, Kauru, Yawuri, Zurmi. Da manyan garuruwa suka ƙare, kowa ya fara kawo ƙauyensu. Wani dattijo da bai cika magana ba ya faɗi sunan wata 'yar ruga da babu wanda ya taɓa ji, ya ce can uwarsa take, kuma rabonsa da furta sunan tun ranar da aka kama shi. Muka ba shi gurbin kusurwa, kowa ya kau da kai har ya gama share ido.

Baffa ya ce, "To, Bakano. Kowa zai motsa, sai ya faɗa da baki, daga gari kaza zuwa gari kaza. Ba don kai ba, don mu riƙa zuwa gida ne. In kanka zai iya riƙewa, bismilla. In ba zai iya ba, koma ɗaki."

Baba ya ce, "Rantse ba za ka sake raga mini ba."

"Na rantse da wanda ya fitar da mu daga cikin jirgin nan da rai. Sai na yi maka kaca-kaca."

Baba ya ce a maimaita masa sunayen. Sau uku aka bi su, layi-layi, ya mayar da su ba kuskure. Sannan ya ce yana bukatar hannu. Mutum uku suka miƙe. Ya ce, "A'a. Mijin 'yata ya zo ya zauna nan. Shi ya ɓata, shi zai yi aikin." Haka na zauna gwiwata tana gugar gwiwar surukina, gumi yana keto mini.

Shekara biyu muka yi a haka, kuma ban san lokacin da ya fi su daɗi ba a zamana na Bahiya. Ya kan zauna ido a rufe, ya ce, "Ɗauke na Daura ka kai Zurmi," in ɗauke in kai. Sau biyar ya karɓi jakar nan da guminsa. Sauran watannin an cinye shi, wani lokaci tun da wuri, ya kuma yi sharar da kansa yana mita. Ya koma ɗinki da lalube, ya yi ƙiba har Inna ta fara tsokanarsa.

Kwana tara kafin rasuwarsa aka yi ta ƙarshe. Ya fitar da mutum biyu, ya rage shi da Baffa. Wasa ya yi nisa, kowa 'ya'ya biyar-biyar, Baffa yana ta ɓaɓatu. Baba ya shafa gemu ya ce, "Ɗauke na Rano ka kai Bebeji."

Na duba ƙasa, na ga kuskuren. Ya manta akwai tsinken Baffa a Gaya. Dutsen Ranon nan shi kaɗai ya tare hanya, in ya tashi, Baffa zai shiga ya jera uku, daga nan kuma babu tsayawa. Ga wani dutsen a Maska, in shi na motsa, Baba ne da jaka. Tari ɗaya zan yi ya gane. Hannuna ya tsaya a sama. Baffa ya daina magana, ya zuba mini ido, sauran ma duk ni suke kallo.

Baba ya ce, "Me kake jira?"

Na ce, "Baba, da dai..."

Ya lalubo wuyan hannuna ya riƙe, riƙo mai ƙarfi. Ya ce, "Hannunka na ara, ban ari kanka ba."

Na ɗauke na Rano na kai Bebeji.

Baffa ya daka tsalle kamar ba tsoho ba. "Na tashi daga Gaya, na sauka Rano! Uku!" Ya ci ɗaya. Ya fita ya dawo, ya ci na biyu. Ya ci na uku, ya bar Baba da duwatsu biyu. Ya miƙe yana taka rawa, yana cewa yau Kano ta kwana a hannun Zazzau, a kawo masa bawansa ya ɗaukar masa jaka.

Ni kam raina duk ya ɓaci. Can sai Baba ya buga cinyarsa. "Af! Tsinken Gaya! Na manta da ɗan banzan nan!" Ya fashe da dariya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba, har hawaye suna zuba daga idanun nan da ba sa gani. Ya ɗauki jakar ya lalubo hannun Baffa ya damƙa masa, ya ce, "Ranka ya daɗe." Sannan ya juya wajen ƙofar gida ya ɗaga murya.

"Uwargida! Kina ji? An cinye ni! Wallahi tas aka cinye ni, ko mutum ɗaya bai ji tausayina ba! Kawo ƙosai, yunwa nake ji."

Ya ci ya ƙoshi, ya nemi ƙari.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya sauke shi a masauki mafi kyau daga duk garuruwan da muka ambata. Ya buɗe masa a can idanun da ya rufe masa a nan. Amin.